Wainar Ƙwai da Kek a Kan Garwashi: Abin da Bidiyon Girkin Daji Ba Ya Nuna Maka

Duk mai raba dare yana latsa waya ya san irin bidiyon nan. Gari ya waye a gindin wani dutse, wani dattijo ya faskara itace, ya haɗa wuta, ya aza baƙin kasko. Babu kiɗa, babu surutu, sai ƙarar ƙwai a cikin mai da tururin buta. Kafin minti 10 ya buɗe wata tukunya da ya lulluɓe da garwashi, sai ga burodi ya tashi ya yi jawur. Kai kuma kana kwance a hostal, data na tafiya, yawu na tsinkewa.

Irin waɗannan bidiyoyin yanzu kasuwa ce guda. Tashoshin YouTube kamar Wilderness Cooking da Country Life Vlog na ƙasar Azarbaijan suna da mabiya miliyoyi. Ita kuwa Li Ziqi ta ƙasar Sin, wadda ta yi suna da girkin ƙauye a lardin Sichuan, a 2021 ta shiga kundin Guinness a matsayin mai tashar harshen Sinanci da ta fi kowace yawan mabiya a YouTube. Yayin ya iso gare mu. Da zarar an gama jarrabawa ko an shiga hutun Sallah, sai ka ga 'yan aji ɗaya sun yi karo-karo, sun ɗauki tabarma da kula da kiret ɗin ƙwai, sun nufi bakin dam ko gonar baban wani.

Abin da kan biyo baya kowa ya sani, ko da ba a sa shi a sitatus ba. Hayaƙi ya cika ido, ƙwai ya kama, kek ya yi baƙi ta waje ciki kuma ɗanye sharaf, a ƙarshe a koma kan burodin leda da lemon kwalba. Sai a ɗora laifin a kan rashin kayan aiki irin na Turawa. Gaskiyar magana, matsalar rashin sanin wuta ce. Wanda ya san wuta, da tukunyar gidansu ma zai fitar da kek. Wanda bai san ta ba, asarar kwaɓi ce mafi ƙanƙantar abin da zai iya jawowa, domin akwai gonar mutane a gefe, akwai kuma ransa.

Abin nan fa ba baƙo ba ne

Tukunyar da ake gani a bidiyon Amurkawa, baƙa mai kauri da gajerun ƙafafu da murfi mai baki, an ƙera ta ne don a zuba garwashi a ƙasa a zuba a sama, zafi ya kewaye abinci. Sun ɗauke ta da muhimmanci har jihar Yuta ta ayyana ta a matsayin tukunyar jiha a 1997. A Ostireliya makiyaya sun daɗe suna gasa wani burodi marar yis a cikin rushi. 'Yan sikawut kuma, ƙungiyar da Baden-Powell ya kafa a Ingila a 1907, suna koya wa yara naɗa kwaɓi a jikin sanda su gasa.

To wanne ne babu irinsa a nan? A Kano masu gurasa suna manna kwaɓi a jikin tanderu mai zafi tun kaka da kakanni. Mai masa tana juya tanda a kan murhun duwatsu uku kafin ka farka daga barci. Buzaye a hamadar Agadas suna ture garwashi gefe, su binne kwaɓin alkama a cikin yashi mai zafi, su mayar da rushi a kai, su fito da gurasarsu da suke kira tagella. Iyayenmu mata da yawa sun yi kek ɗin biki da na suna a cikin tukunyar yashi tun kafin obin ya shigo gidajen. Ashe da tsohuwar zuma ake magani. Bambancin kawai, su can sun sa kyamara, mu kuma mun ɗauka abin ƙauyanci ne har sai da muka gan shi a waya.

Garwashi ke girki

Kuskuren farko shi ne aza kasko a kan wuta tana ci balbal. Harshen wuta yana da kyau a hoto, amma zafinsa ba shi da tsari: yanzu ya yi sama, anjima iska ta kwantar da shi gefe, ga baƙin hayaƙi da yake shafa wa tukunya. Abin da ke girki shi ne garwashi, wato bayan itacen ya cinye ya zama ja, farar toka ta fara rufe shi. Daga kunnawa zuwa wannan matakin a ware minti 30 zuwa 45. Idan ana son karyawa da ƙarfe 8, wuta ta tashi tun 7.

Sai a raba wutar gida biyu. Gefe ɗaya a bar itace yana ci yana samar da sabon garwashi, a nan ake aza butar shayi. Ɗaya gefen a riƙa janyo garwashin da shebur ana bajewa, a nan ake suya da gashi. Duk lokacin da zafi ya ragu sai a ƙaro. Don auna zafi, ka ɗora tafin hannu kamar taƙi ɗaya sama da garwashin ka ƙirga. In ka janye kafin ka kai 3, wutar ta tafasa ruwa ce. In ka kai 5 ko 6, ta suya ce. In ka kai 8 zuwa 10, ita ce ta gashin kek.

Itace ma ba duka ɗaya ba ne. Busasshen marke da kirya suna ba da garwashi mai daɗewa, shi ya sa maƙera ke neman gawayin kirya. Kara da ƙirare na tashin wuta ne kawai, nan da nan suke zama toka. Ɗanyen itace hayaƙi ne zalla. Katakon da aka yi wa fenti, tsohuwar taya, roba da leda, duk kada su kusanci wutar abinci, hayaƙinsu guba ne kuma yana shiga abin da za a ci. Fetur kuwa ko da wasa. Ɗan auduga ko takarda da aka ɗiga wa man girki ya isa ya kama ƙirare.

Duwatsun murhu a ɗebo busassu daga tudu. Dutsen da aka tsamo daga rafi ko bakin dam yakan riƙe ruwa a cikinsa, in ya ji wuta ruwan ya zama tururi, dutsen ya fashe ya watso tsakuwa a fuskar mai girki. In da hali ma, a taho da kurfoti da ledar gawayi daga gida. Ya fi sauƙin sarrafawa, kuma ba sai an taɓa bishiyar kowa ba.

Karin kumallo a jere

Mai girkin waje ba ya yin komai lokaci ɗaya. Abin da ya fi daɗewa shi ke fara shiga. Da garwashin farko ya samu, a wanke dankalin Hausa, a naɗe shi da takardar foyil ko a tura shi haka nan cikin rushi, a manta da shi na minti 30 zuwa 45 gwargwadon girmansa. In tsinke ya shige ba gardama, ya nuna. A ɓare, a ci da yajin ƙuli da ɗan man gyaɗa.

Na biyu ruwan zafi. A taho da ruwan sha daga gida. In dole ta sa an ɗebo na rafi, a tace da tsumma mai tsafta, a bar shi ya tafasa sosai na aƙalla minti 1. Shayi da citta da kanumfari a safiyar hunturu ba ya buƙatar talla. Masu son kunun gyaɗa ko koko su zo da markaɗe ko gasara a roba mai murfi, damawa kawai za a yi.

Na uku suya. Ga taron mutum 6 zuwa 8, soya ƙwai ɗai-ɗai ɓata lokaci ne, na farko zai huce kafin na ƙarshe ya samu. Dabarar ita ce a soya albasa da tumatir da attaruhu a babban kasko har ruwan ya tsane, a sa gishiri da ɗanɗano, a yi ƙananan ramuka da cokali, a fasa ƙwai ɗaya a kowane rami, a rufe na minti 5 zuwa 7. Larabawa na kiran wannan shakshuka. A ajiye kaskon a tsakiya, kowa ya sa gurasa ya dangwala. Kwano ɗaya za a wanke.

Wainar fulawa ita ce mai rufin asiri in aljihu ya yi sanyi: fulawa, ruwa, jajjagen attaruhu da albasa, gishiri, a dama ruwa-ruwa, a shafa manja a kasko a zuba da ludayi. In akwai wanda ya iya masa a cikinku, a kwaɓa tun daren jiya, a zuba a bokiti mai murfi amma kada a cika shi, domin ƙullun zai tashi a hanya. A ɗauko tanda. Wallahi babu fanken Turawan da zai kama ƙafar masa mai zafi da zuma ko sukari a bakin ruwa.

Batun nama a yi hattara. Ɗanyen nama ko kaza da suka yi sa'o'i a bayan mota cikin rana hanyar asibiti ce. Ko dai a sa su a kula da ƙanƙara, ko a huta a sayi kilishi da dambun nama, waɗanda dama don tafiya aka ƙirƙiro su. Wuƙa da faifan da suka taɓa ɗanyen nama kada su taɓa tumatir ko burodi sai an wanke da sabulu. Dafaffen abincin da ya wuce awa 2 a buɗe cikin zafi, a haƙura da shi.

Yadda tukunya ke zama obin

Kek yana son zafi daidai, wajen digiri 170 zuwa 180 a ma'aunin salshiyos, kuma ta kowane ɓangare. Garwashi kuwa ta ƙasa kawai yake bugowa. Aikin duka shi ne a rage na ƙasa a ƙara na sama.

A samu tukunyar ƙarfe mai kauri irin ta biki, da murfin da ke rufuwa ruf. A zuba busasshen yashi mai tsafta a ciki, kaurin yatsa 2. Yashin ne ke shanye zafin ya rarraba shi a hankali. A rufe, a aza a kan garwashi na minti 15 ya ɗau zafi. Sai a jera ƙananan duwatsu 3 a kan yashin, a ɗora gwangwanin kek a kansu don kada gindinsa ya zauna kai tsaye a wuri mai zafi. A rufe, a kwaso garwashi a zuba a kan murfin. Ƙa'idar ita ce kashi 2 a sama, kashi 1 a ƙasa. In murfin mai tudu ne garwashi na gangarowa, a kifa shi ko a ɗora farantin ƙarfe.

Kwaɓin da ba ya ba da kunya: fulawa kofi 2, sukari kofi 1, bota giram 250, ƙwai 4, bekin foda ƙaramin cokali 2, sai ɗan madara in ya yi tauri. A buga bota da sukari da muciya har su yi haske, a fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, a zuba fulawar a juya a hankali. Wayo shi ne a tankaɗe fulawa da bekin foda tun a gida a ƙulle a leda, don iskar waje ba ta barin gari ya zauna. A shafa bota a gwangwani, kada a cika shi ya wuce rabi da kaɗan.

Daga nan sai haƙuri. Minti 20 na farko kada wanda ya buɗe, ko da mai kyamara ya matsa. Duk buɗewa zafi ne ke gudu, kek ɗin ya faɗa ta tsakiya. Kowane minti 10 a ɗan juya tukunyar, a juya murfin ta ɗaya gefen, saboda wani ɓangaren garwashin ya fi wani zafi. Babban gwangwani yakan ci minti 40 zuwa 50, ƙanana 20 zuwa 25, don haka mai koyo ya fara da ƙanana. A soka tsinke a tsakiya, in ya fito fes an gama. Wajen ɗaga murfi a yi amfani da awartaki ko tsumma mai kauri, a ɗaga shi a miƙe kada toka ta zube a ciki.

Wanda ke jin tsoron kek ya fara da gireba. Ba ta son ƙwai, ba ta son bota, ba ta lalacewa a hanya. Fulawa kofi 2, niƙaƙƙen sukari rabin kofi, a riƙa zuba man gyaɗa kaɗan-kaɗan ana murzawa har ya dunƙulu. A cusa a ƙaramin ludayi a kife a faranti, a barbaɗa riɗi, a sa a tukunyar yashi minti 15 zuwa 20. A bar ta ta huce kafin a taɓa, in ba haka ba ta ruguje a hannu.

Sai burodin sanda, wanda ya fi komai haɗa raha domin kowa ne ke gasa nasa. Fulawa kofi 2, bekin foda ƙaramin cokali 2, sukari babban cokali 1, mai babban cokali 2, ɗan gishiri, ruwa daidai yadda zai kwaɓu ba ya kama hannu. A murza shi dogo kamar igiya, kaurin yatsa, a naɗa a jikin sandar da aka feƙe ɓawonta, a riƙe sama da garwashi ana juyawa minti 10 zuwa 15. In ya nuna zai zare da kansa, sai a ɗura zuma ko bota a ramin. Amma a san sandar da za a karyo. Reshen mangwaro ko gwaba ko gora ba matsala. Tunfafiya, aguwa, tinya da bini-da-zugu kuwa a nisance su, ruwan jikinsu na da guba. Duk icen da ka karya ka ga farin ruwa kamar nono, jefar da shi.

Akwai kuma wata alewa fara mai laushi kamar auduga da ake gani Amurkawa na gasawa a tsinke su matse tsakanin biskit da cakulan. Kafin ka saya a babban kanti ka karanta jikin ledar, domin yawancinta da jelatin ake yi, kuma a ƙasashen Yamma galibi daga alade ake samo shi. Madadinta na nan a arha: a tsaga ayaba a tsaye ba tare da an cire ɓawon ba, a cusa gutsuren cakulan ko dabino da dakakkiyar gyaɗa, a naɗe da foyil, a ajiye a gefen garwashi minti 8 zuwa 10, a sha da cokali.

Inda kyamara ke kashewa

Lokacin da aka fi jin daɗin zama a bakin wuta shi ne lokacin da ta fi haɗari. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ciyawa ta bushe ƙamas, iskar hunturu na kaɗawa, manoma sun tara damman gero da dawa, an jibge harawa da kara don dabbobi. Tartsatsi ɗaya ya isa. Ku kun hau mota kun koma gari kuna zaɓen hoton da za a ɗora, shi kuma mai gona ya wayi gari abincin shekara ya zama toka. Ɓarna da wuta laifi ne da dokar final kod ta tanadar wa hukunci, amma ko ba a kama kowa ba, haƙƙin mutum ba ya bin iska.

Saboda haka kafin ashana ta fito, a share fili tas, kamar taku 3 ta kowane gefe, babu ciyawa babu ganye. Kada a kunna a ƙarƙashin reshe mai saukowa ko kusa da tarin kara. A ajiye bokitin ruwa da shebur a kusa. In iska ta yi ƙarfi a fasa, ba dole. A kuma naɗa mutum ɗaya wanda aikinsa wutar ce, ba ya barin ta ya tafi ɗaukar hoto.

Kashewa ma aiki ne. Tura ƙasa a kai ba kashewa ba ce, garwashin da aka binne yana iya kwana da zafinsa, yaro mai kiwo ya zo ya taka ba takalmi, ko iska ta tone shi. A zuba ruwa, a juya da shebur, a sake zubawa har ƙarar cuwww ta daina, sannan a kusantar da bayan hannu. In da sauran ɗumi, da sauran aiki.

Haɗari na biyu ba ya ihu. Sanyi ya tsananta da dare, sai wani ya ce a shigo da kurfotin cikin tanti ko ɗaki ko mota a ji ɗumi. Gawayi na fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau 200 da ɗoriya. Ita ce dai ke kashe iyali guda in an kwana da janareta a cikin gida. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuma ba zai ji ko ɗaya ba. Garwashi ba ya kwana a rufaffen wuri, ko da ya yi kamar ya mutu. A zo da bargo da safa.

Na uku ƙuna. Dogon hijabi, mayafi da jallabiya masu santsi irin na roba suna kamawa nan take, kuma suna narkewa su manne a fata. Mai girki ya tattare kayansa, in da hali ya sa na auduga. In tufafi sun kama, kada a gudu: a faɗi ƙasa a yi birgima, na kusa su rufe da bargo. Wurin da ya ƙone a riƙa zuba masa ruwa mai sanyi na minti 20. Ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba manja, ba ƙanƙara. In ƙunar ta fi tafin hannu faɗi, ko ta taɓa fuska ko hannu ko gaba, sai asibiti. Lambar kiran gaggawa a Najeriya 112 ce.

Ina za a je?

Dattijon Azarbaijan yana girkinsa a dutse hankali kwance. Mu a nan dole a faɗa wa juna gaskiya, ba kowane daji ake shiga ba. Dazuka irin su Rugu a Katsina da Kamuku a yankin Birnin Gwari sun shiga labarai ne saboda 'yan bindiga, kuma babu bidiyon da ya kai ran mutum. Ko a inda ake ganin lafiya, a tambayi mutanen gari, a gaida mai unguwa, a nemi izinin mai gona, a faɗa wa na gida inda aka nufa da lokacin dawowa. Kada a ɗora hoto da sunan wuri alhali ana can. A bari sai an dawo.

Wuraren da ke da masu kula sun fi kwanciyar hankali. Yankari a jihar Bauchi, wadda aka buɗe wa masu ziyara a 1962, tana da masauki kusa da ruwan ɗumi na Wikki, mai zafin kusan digiri 31 dare da rana. Amma gandun dabbobi ne, ba a kunna wuta inda aka ga dama sai an tambayi ma'aikata, kuma gwaggon biran wurin sun ƙware a fizge abinci, kada a bar leda a buɗe. Duwatsun Shere da ke kusa da Jos, masu tsayin sama da mita 1,800, a nan cibiyar horar da 'yan Man O' War take da makarantarta ta hawan dutse, kuma hawa da ɗan jagora ya fi. Ga 'yan Kano akwai bakin dam ɗin Tiga. In duk waɗannan sun yi nisa ko tsada, lambun wani ɗan'uwa ko tsakar gida ma fili ne. Garwashi bai san bambanci ba.

Mu nishaɗi, su dole

Akwai abin da ya kamata mu tuna yayin da muke tari muna dariya a cikin hayaƙi na safiya ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum biliyan 2 ne ke girki da itace, gawayi, kananzir da makamantansu, kuma ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 3.2 a 2020. Mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙa. Tun bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 rayuwa ta ƙara tsada, gidaje da yawa da suka saba da gas sun koma gawayi da itace. Abin da muke ɗauka da kyamara a matsayin hutu, wata uwa shi take yi sau 3 a rana ba don tana so ba.

Itacen ma daga wani wuri yake fitowa. Jihohi 11 na Arewa ne ke bakin gaba wajen kwararowar hamada, su ne shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya shafa a Najeriya. Bai dace a ce matasan da ke rubuta dogon bayani kan sauyin yanayi a Facebook su ne ke sare ɗanyen reshe don bidiyon minti 1 ba. A tsinci wanda ya faɗo ya bushe, a yi ƙaramar wuta daidai girki. Ƙwai 8 ba sa buƙatar wutar da za a hango daga wani ƙauye. Leda, kwalba da foyil kuma yadda aka zo da su haka za a koma da su, domin dabbobin da ke kiwo a wurin suna haɗiye leda, kuma tana kashe su.

Kafin fita ta gaba, a yi gwaji a gida. A samu Hajiya ko Inna ko wata gwaggo da ta yi zamani da tukunyar yashi, a ce ta nuna yadda take gane zafi ya yi ba tare da agogo ba. Za ta yi maka dariya, amma za ta nuna. In za a ɗauka a ɗora, a nemi izininta, a faɗi a wurin wa aka koya, a yi bayanin da Hausa. Duniya ta ga burodin Azarbaijan ta gode, har yanzu ba ta gama ganin gurasar tanderu da masar tanda ba. Kuma in kun je can ɗin, kada a kashe kyamara a kan farantin kek. A ɗauki wurin zuba ruwa a wuta da kwashe shara a haɗa a ciki, domin masu kallonku abin da suka gani shi za su kwaikwaya.